Filin Tambaya da Amsa: Iskar Radon da Yadda Ake Auna Ta a Gida

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi karkata ga batu guda, wato iskar radon, wadda da yawa daga cikin masu karatu suka ce ba su daɗe da fara jin sunanta ba. Na zaɓi waɗanda suka tattaro abin da saura suke tambaya, na taƙaita masu tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda aka saba idan magana ta shafi lafiya da sirrin gida.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ji ana cewa akwai wata iska mai suna radon da take fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ta shiga ɗakuna, wai har tana jawo sankarar huhu. Ni dai gidana sabo ne, kuma ban taɓa jin wani baƙon wari a cikinsa ba. Shin maganar tana da tushe, ko tana cikin labaran da ake tsorata mutane da su a intanet? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar tana da tushe, kuma hancinka ba zai taɓa zama shaida a kanta ba, domin radon ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano. Asalinta daga yuraniyam ne, wani ma'adini da yake warwatse kaɗan-kaɗan a cikin kusan kowace ƙasa da kowane dutse a duniya, sai dai ya fi yawa a wasu duwatsun, irin su giranayit da dutsen fosfet. Ƙwayoyin zarrar yuraniyam ba sa zama a hali ɗaya har abada. A hankali suke rikiɗa daga wannan sinadari zuwa wancan har su zama radiyam, shi kuma radiyam ya rikiɗa ya zama radon. Duk waɗanda suka gabace ta a wannan jeri daskararru ne da suke maƙale a cikin dutse, ita ce ta farko da ta fito a siffar iska, shi ya sa take iya sulalewa ta 'yan ramukan ƙasa har ta iso sarari. A cikin kwana 3.8 rabinta yake rikiɗewa, amma da yake yuraniyam ɗin da ke samar da ita yana ɗaukar kimanin shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya ƙare, babu maganar ranar da ƙasa za ta daina fitar da ita.

Ana auna ta da wani ma'auni mai suna bekarel, wanda yake nufin ƙwayar zarra ɗaya tana rikiɗa a kowace daƙiƙa, kuma ana ƙidaya shi ne a cikin kubik mita ɗaya na iska, wato sararin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne ya kai mita ɗaya. A fili, inda iska take kaɗawa, yawanci ba ta wuce bekarel 5 zuwa 15, kuma wannan ba abin damuwa ba ne. A cikin gini ne take taruwa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana samun daga bekarel 10 har zuwa sama da 10,000. Dalilin taruwar shi ne iskar cikin gida mai ɗumi tana tashi sama ta fice ta rufi da manyan kafofi, sai ginin ya riƙa zuƙo wata daga ƙasa don ta maye gurbinta, kamar yadda murhu yake jan iska ta gindinsa idan hayaƙi ya yi sama. Ta tsagar daɓe take shiga, da mahaɗar daɓe da bango, da ɗan giɓin da mai aikin famfo ya bari a kewayen bututun da ya ratso siminti, wanda sau da yawa ƙasa ce kawai a ƙarƙashinsa. Saboda haka sabuntar gidanka ba kariya ba ce, har ma gidan da aka like tagoginsa da ƙofofinsa sosai domin na'urar sanyaya ɗaki yakan riƙe abin da ya shiga fiye da tsohon gidan da iska take ratsawa. Wasu sukan ce tana taruwa a benen ƙasa ne saboda ta fi iska nauyi. Gaskiya ne ta fi iska nauyi, amma ba ta kwanciya a daɓe kamar yadda ake zato, tana gauraya da iskar ɗaki ne, kuma benen ƙasa ya fi samunta ne don shi ne a jikin ƙasar da take fitowa.

Ita kanta radon idan aka shaƙe ta, yawancinta ana fitar da ita da numfashi na gaba. Ɓarnar tana zuwa ne daga abubuwan da take rikiɗa ta zama, musamman nau'i biyu na foloniyam, waɗanda daskararru ne masu liƙewa a jikin ƙura da hayaƙi. Idan suka sauka a fatar hanyoyin iska na huhu, sai su riƙa harba wani ɓarɓashi da ake kira alfa. Wannan ɓarɓashi ko takarda ba ya iya ratsawa, kuma fatar jiki ta waje tana tare shi, amma a cikin huhu babu irin wannan shamaki, don haka yana dukan ƙwayoyin halitta kai tsaye ya lalata tsarin gadon da ke cikinsu. Idan aka shekara da shekaru ana haka, wata ƙwayar tana iya rikicewa ta zama sankara.

Ba jiya aka fara ganin illarta ba. Tun ƙarni na 16 wasu masana biyu na Turai, Paracelsus da Agricola, suka rubuta labarin wata cutar ƙirji da take kashe masu haƙar ma'adinai a duwatsun da ke kan iyakar Jamus da ƙasar Cek, kuma sai a 1879 likitoci biyu, Härting da Hesse, suka gano cewa abin da yake kashe mahaƙan garin Schneeberg da ke wannan yanki sankarar huhu ce. A 1900 ne wani masanin kimiyya ɗan Jamus, Friedrich Ernst Dorn, ya lura da iskar da radiyam yake fitarwa. Abin da ya juyo da hankalin jama'a daga ramukan ma'adinai zuwa ɗakunan kwana ya faru ne a 1984, lokacin da wani injiniya mai suna Stanley Watras, ma'aikaci a sabuwar tashar nukiliya ta Limerick da ke jihar Fensilbaniya a Amurka, ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urar binciken tururin nukiliya tun yana shigowa aiki daga gida. Da aka auna gidansa sai aka tarar da kusan bekarel 100,000. A 1988 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Lyon na Faransa, ta sanya radon a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa tsakanin kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na sankarar huhu a kowace ƙasa daga radon ne, ita kuma Hukumar Kare Muhalli ta Amurka tana danganta mutuwar kimanin mutum 21,000 a shekara da ita a ƙasar.

Tambaya: Malam, yarana biyu suna yawan tashi da ciwon kai da kasala da safe, ƙaramar kuma tana tari da dare. Tun da na karanta labarin radon hankalina ya ƙi kwanciya. Ko ita ce? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, ba ita ba ce. Radon ba ta sa ciwon kai, ba ta sa jiri ko kasala ko tarin dare, kuma babu wata alama da take nunawa a rana ɗaya ko a wata ɗaya. Cutar da aka tabbatar tana jawowa ita ce sankarar huhu, wadda take bayyana bayan shekaru masu yawa, kuma babu wani gwajin jini ko hoton ƙirji da zai gaya wa mutum yawan radon da ya shaƙa. Abin da kika kwatanta ya fi sa ni tunanin wata iskar daban, wato kabon monoksaid, wadda take fitowa daga janareta ko gawayi ko duk wani abin da ake ƙonawa a wurin da iska ba ta shiga sosai. Ita ma ba ta da wari, amma tana iya kashe mutum a dare ɗaya. Idan akwai abin da yake ci da wuta ko injin da yake aiki a kusa da inda yaran suke kwana, ki nisantar da shi daga ɗaki da tagogi a yau ɗin nan, sannan ki kai su asibiti a duba su, domin ciwon kai da tari suna da dalilai da yawa waɗanda likita ne zai tantance. Auna radon abu ne mai kyau, amma kada ya zama dalilin jinkirta wannan.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ina shan sigari shekara da shekaru, matata kuma ba ta sha. Wanne ne a cikinmu radon ta fi yi wa barazana, kuma idan na gyara gidan, ai na rage wa kaina haɗarin ko da ban daina shan tabar ba? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, kai ne a kan gaba, da tazara mai nisa. A 2005 aka wallafa wani nazari da ya haɗa bincike 13 daga ƙasashen Turai, kuma alƙalumansa sun amsa tambayarka dalla-dalla. Ga wanda bai taɓa shan taba ba, yiwuwar kamuwa da sankarar huhu kafin shekara 75 ita ce kusan mutum 4 cikin 1,000 idan babu radon sam, mutum 5 idan gidansa yana da bekarel 100, mutum 7 idan yana da 400. Ga mai shan taba kuwa, lissafin ya koma kimanin mutum 100 cikin 1,000, sannan 120, sannan 160. Ma'ana, kowane ƙarin bekarel 100 yana ƙara wa ku biyun haɗari da kusan kashi 16 cikin ɗari na abin da kowannenku yake ɗauke da shi tun farko, amma abin da kake ɗauke da shi ya ninka na matarka kusan sau 25.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce e, gyaran gidan zai rage maka wani abu, kuma a lissafi kai za ka fi matarka cin moriyarsa. Sai dai ka sake duba alƙaluman da kyau. Gyaran da ya sauko da gida daga 400 zuwa kusa da sifili yana sauko da mai shan taba ne daga 160 zuwa 100, alhali wanda bai taɓa sha ba yana kan 7 ko da ba a taɓa gidan ba. Ba zan so ka mayar da gyaran gida ya zama lasisin ci gaba da shan taba ba. Kada kuma a ɗauka uwargida ta tsira, domin a ƙididdigar Amurka da na ambata kimanin mutum 2,900 daga cikin masu mutuwar ba su taɓa shan taba ba, kuma hayaƙin da kake busawa a ɗaki ƙari ne a kan huhunta.

Tambaya: Malam, maƙwabcina ya auna gidansa ya samu adadi kaɗan, katanga ce kawai a tsakaninmu, ko zan iya dogara da sakamakonsa? Na kuma ari wata 'yar na'ura mai nuna lamba, amma ta rikita ni, domin da rana takan nuna 60, da asuba kuma sai na ga ta haura 200. Wanne zan ɗauka? Daga wani ma'aikaci.

Amsa: Malam, sakamakon maƙwabcinka na gidansa ne shi kaɗai. Gidaje biyu a jere suna iya bambanta ninki-ninki, saboda tsagar dutsen da ke ƙarƙashin wannan ba lallai ta kai ƙarƙashin wancan ba, kuma yadda aka zuba daɓe, da yadda aka ratsa bututu, da yadda masu gida suke buɗe tagogi, duk suna canja lissafin. Taswirar da wasu ƙasashe suke bugawa ta yankunan da radon ta fi yawa ita ma haka take, tana nuna inda ya kamata hukuma ta fara maida hankali, ba ta yanke hukunci a kan gida ɗaya.

Na'urar da ka ara kuma ba ta lalace ba, abin da ya kamata ta nuna ke nan. Radon takan ƙaru da dare idan an rufe ƙofofi da tagogi, ta kai ƙololuwa wajen asuba, ta sauka idan aka fara shige da fice. Tana canjawa da ruwan sama, da ƙarfin iskar waje, da yanayin shekara. Huhu kuwa da jimillar abin da ya shaƙa a tsawon shekaru yake hulɗa, don haka kada ka ɗauki 60 kuma kada ka ɗauki 200. Ka nemi inda na'urar take nuna matsakaicin dogon lokaci, ka bar ta a wuri ɗaya, ka daina leƙa ta kowace sa'a.

Hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi amincewa da ita ita ce awon da ya kai aƙalla wata uku, idan ya kai shekara ya fi. Abin awon da aka fi amfani da shi ba shi da batir kuma ba ya ƙara. Wani ɗan ƙoƙon roba ne da zai zauna a tafin hannu, a cikinsa akwai ɗan yankin roba mai haske. Iska tana shiga ta wata siririyar kafa, kuma duk ɓarɓashin alfa da ya daki yankin robar sai ya bar masa tabon da ido ba ya gani. Idan aka mayar da shi ɗakin gwaje-gwaje sai a jiƙa shi a ruwan sinadari mai zafi har tabon ya buɗe ya zama ɗan rami, a ƙirga ramukan da madubin ƙara girma, a lissafa su da yawan kwanakin da ya yi a ɗaki. Wannan ne ya sa rubuta ranar buɗewa da ranar rufewa yake da muhimmanci ƙwarai, haka ma mayar da shi da wuri, domin yana ci gaba da ɗaukar tabo ko yana cikin aljihun tebur. A Birtaniya akan aiko da guda biyu, ɗaya na ɗakin kwana, ɗaya na falo, kuma ina ganin wannan tsari ya dace da kowa, tun da a nan ne mutum yake cinye yawancin sa'o'insa.

A ajiye shi a bene mafi ƙasa da ake zama a cikinsa, a kan kanta ko tebur, aƙalla rabin mita daga daɓe, nesa da taga da ƙofa da fanka da hasken rana. Kada a sa shi a kicin ko banɗaki, kada a kulle shi a cikin kabad, kuma a ci gaba da zaman gida yadda aka saba, domin wanda ya wangale tagogi na wata uku don ya samu lamba mai daɗi kansa ya yaudara. Akwai gajeren awo na kwana 2 zuwa 7 da ake yi da gwangwanin gawayi na musamman, wanda ake rufe gida tun sa'a 12 kafin a fara, amma shi haske kawai yake bayarwa, kuma idan ya nuna adadi mai yawa sai a tabbatar da dogon awo. Wajen neman abin awon, a fara tuntuɓar hukumar da ke kula da kariya daga tururin nukiliya a ƙasar da mutum yake, ko sashen kimiyyar fizis na jami'a, ko wani ɗakin gwaje-gwaje mai shaidar inganci da yake aikawa ta gidan waya.

Tambaya: Idan awon ya nuna adadi mai yawa, sai mutum ya tashi daga gidan? Ni ina shirin fara gini, kuma ruwan rijiyar burtsatse za mu yi amfani da shi. Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, da wuya ƙwarai a kai ga tashi, gyara ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2009 ta ba da shawarar kada matsakaicin shekara ya wuce bekarel 100, inda hakan ya gagara kuma kada ya haura 300. Amurka ta tsayar da nata a 148, Birtaniya da Kanada a 200, Tarayyar Turai kuma a 2013 ta hana ƙasashenta sanya mizanin da ya wuce 300. Waɗannan lambobi iyakokin ɗaukar mataki ne da hukumomi suka zaɓa, haɗarin kuwa yana hawa ne a hankali tare da adadin, don haka mai 190 bai bambanta da mai 210 da wani abin kirki ba. Gwargwadon yawan adadin, gwargwadon saurin da ya kamata a yi.

Buɗe tagogi yana saukar da ita nan take, amma cikin kimanin sa'a 12 da rufewa take komawa yadda take. Like tsagogi yana taimakawa, sai dai shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, tun da ba a ganin duk kafofin kuma gini yana sake tsagewa. Na'urar tace iska da shuke-shuken cikin ɗaki ba sa tare ta daga tushe. Abin da ya fi aiki shi ne a huda daɓe, a haƙa rami kamar girman bokiti a ƙarƙashinsa, a sa bututu mai faɗin kusan santimita 10, a haɗa masa ƙaramar fanka da take aiki dare da rana tana zuƙo iskar ƙasa tana fitar da ita sama da rufi, nesa da tagogi. A wasu gidajen wannan yana rage ta da kashi 99 cikin ɗari. A jikin bututun akan maƙala wani lanƙwasasshen bututun gilashi mai ruwa mai launi, idan ruwan ɓangarorin biyu ya daidaita, fankar ta tsaya ke nan. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a tattauna wannan da mai aikin tun farko, domin bututun da ba shi da fanka ma yana ragewa, ko da yake bai kai mai fanka ba. Bayan gyara a sake awo, sannan a riƙa maimaitawa duk bayan shekara biyu.

Ke da ba ki fara ginin ba, kin fi kowa sa'a. Ki sa a shimfiɗa tsakuwa kafin a zuba daɓe, a rufe ta da leda mai kauri wadda aka like mahaɗanta da kewayen kowane bututu, a kuma bar bututu ɗaya da ya taso daga cikin tsakuwar zuwa saman rufi, ta yadda idan awo ya nuna buƙata fanka kawai za a ƙara. Yin haka lokacin gini ya fi fasa daɓe daga baya sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya ɗaukar radon, musamman a yankin giranayit, ya sake ta a iska lokacin wanka da wanki, amma gudummawarsa yawanci ƙarama ce, kusan kashi ɗaya cikin 10,000 na abin da ke ruwan ne yake bayyana a iskar gida. Ki fara da auna iskar, idan ta yi yawa sannan a duba ruwan, wanda ake magancewa ta hanyar busa masa iska kafin ya shiga gida.

Tambaya: Malam, ni ne sakataren ƙungiyar mazauna unguwarmu. Muna so mu wayar da kan jama'a game da radon, amma wasu dattawa suna ganin za mu tayar da hankalin mutane a banza, masu gidajen haya kuma suna tsoron kada gidajensu su yi baƙin jini. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malam Sakatare, dattawan suna da gaskiya a wuri ɗaya, wato tsoron da ba a haɗa shi da abin yi ba wahala ce kawai. Shi ya sa ba na goyon bayan a kira taro, a karanta alƙaluman mutuwa, a watse. Mutum zai tafi da fargaba, bayan mako ɗaya ya manta, tun da abin ba ya wari kuma ba ya ciwo. Ma'aunin nasararku shi ne gida nawa aka auna da gida nawa aka gyara, yawan waɗanda suka ji sunan radon ba ya cikin lissafi. Saboda haka kada ku kira taron sai abin awon yana hannunku. Ku haɗa kuɗi ku yi odarsa a dunƙule daga wuri ɗaya mai shaidar inganci, ku raba a rana ɗaya, ku rubuta ranar a littafin ƙungiya, sannan ku wakilta mutum biyu su bi gida-gida su karɓo bayan wata uku, domin a wannan gaɓar ce yawancin irin wannan yunƙuri yake mutuwa, a ajiye abin awo a kan kanta a manta da shi. A wasu garuruwan Kanada da Amurka ɗakunan karatu suna ba da aron na'urar mai nuna lamba kamar yadda suke ba da aron littafi, kuma ƙungiya irin taku tana iya yin haka da guda ɗaya ko biyu. Shugabannin ƙungiya su fara da gidajensu.

Tsoron masu gidajen haya kuma ana kawar da shi ne da riƙe amana. Sakamakon kowane gida a ba mai gidan da mazaunansa kaɗai, abin da za a faɗa a taro shi ne jimilla, wato gida kaza aka auna, kaza ne suka haura mizani. Ɗan haya yana da haƙƙin sanin iskar da yake shaƙa, mai gida kuma shi ne mai ikon huda daɓe, don haka a zaunar da su tare tun kafin sakamako ya fito a amince da wanda zai ɗauki nauyin me. Kada ku manta da makarantu da wuraren aiki, musamman azuzuwa da ofisoshin benen ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa, inda mutane suke wuni. Ku gayyaci magina da masu aikin famfo, domin su ne za su shimfiɗa ledar su like kewayen bututun a ginin gobe, ku kuma nemi ma'aikacin lafiya ya haɗa maganar da ta daina shan taba. Ku yi hattara da duk mai sayar da kaya da zai zo da na'ura, ya ɗaga ta na minti biyar a falo, ya ce gidan yana cikin haɗari, ga kuma maganin a motarsa.

Idan kuna neman lokacin da za ku jingina shirin da shi, Amurka ta ware watan Janairu domin wannan batu, Kanada watan Nuwamba, a Turai kuma ana ranar radon a 7 ga Nuwamba, ranar haihuwar Marie Curie, masaniyar kimiyyar da ita da mijinta suka gano radiyam. Ƙa'idojin kariya da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fitar a 2014 sun buƙaci gwamnatoci su tattara bayanan radon a gidaje, su sanar da jama'a, su tsara matakan ɗauka inda adadin ya yi yawa. Wannan ya ba ku hujjar rubuta wa hukumar da abin ya shafa a ƙasarku wasiƙa, ku tambaye ta mizanin da ta tsayar da ɗakunan gwaje-gwajen da ta amince da su, ku kuma miƙa mata jimillar sakamakonku ba tare da sunayen masu gidaje ba.